Wa Ya Zaɓi Abin Da Ke Bayanka a Hoto?

A shekarar 1946, a birnin New York, Arnold Newman ya ɗauki hoton Igor Stravinsky, shahararren mai tsara kiɗan nan ɗan asalin Rasha. Wanda ya ga hoton karon farko sai ya ɗan laluba kafin ya tsinci mutumin, domin yana can kusurwar ƙasa ta hagu, ya tallafe kai da hannu ɗaya, baƙin murfin fiyano kuwa ya miƙe ya cinye kusan duk sauran filin. Mujallar Harper's Bazaar da ta ba da aikin ta ƙi buga shi. Yau da wuya a koyar da ɗaukar hoton mutum a wurin sana'arsa ko a gidansa ba a nuna wannan hoto ba, kuma Newman ake yawan jingina wa salon, ko da yake akwai waɗanda suka riga shi. Hujjar masu wannan salo a fili take. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta faɗin sana'ar mutum, ba ta faɗin garinsu ko zamanin da ya yi. Hoton fasfo na maƙeri da na alƙali kusan duk ɗaya ne. Sai an ga zugazugi da uwar maƙera a gefen wannan, an ga tulin littattafai a gaban wancan, sannan hoto ke fara ba da labari.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, labarin nan wani ne ya tsara shi. Mai hoto na iya ƙanƙance ƙofar da haske ke shiga kyamara, sai komai ya fito tar, tun daga hancin mutum har tukunyar da ke can ƙarshen tsakar gida. Yana iya buɗe ta, sai bayan ya narke ya zama hazo, fuska kaɗai ta rage, abin da wayoyin hannu na yanzu ke yi da taɓawa ɗaya. Gilashi mai faɗin gani yana kwaso ɗaki gaba ɗaya, amma yana kumbura abin da ke kusa, ya nisanta abin da ke baya, ƙaramin shago ya koma kamar kanti. In mai hoto ya tsaya a kan ƙafafunsa ya ɗauki wanda ke zaune a ƙasa, mutumin zai fito a ƙasƙance, turɓaya da kwata su cika bayansa. In ya durƙusa daidai idonsa, bango ko sararin sama ne za su koma bayansa, ya fito da kwarjini. Taku biyu zuwa dama na iya shigo da bola cikin hoto, taku biyu zuwa hagu ya shigo da masallaci, kuma ba ɗaya daga ciki da za a kira ƙarya, tunda bolar na nan, masallacin ma na nan.

A nan ƙarfin irin wannan hoto yake, a nan kuma haɗarinsa yake. Mai kallo ya san fuska na iya yin murmushin dole, ya san rubutun da ke ƙasan hoto wani ne ya rubuta, don haka yana ɗan sa musu ido. Bayan hoto kuwa yana ɗaukar sa kamar shaidar da ba wanda ya gayyato, gani ya kori ji. Saboda haka magana mafi nauyi da hoto ke yi a kan mutum tana fitowa ne daga ɓangaren da ba wanda ke zargi. Ra'ayina shi ne, tunda zaɓen wuri magana ce a kan mutum, to ya kamata mutumin da ake ɗauka ya sami bakin magana a wannan zaɓe, kuma ya kamata a riƙa auna irin waɗannan hotuna da wannan mudu kafin a auna su da kyau ko tasiri. Edward Curtis, wanda da kuɗin attajiri J. P. Morgan ya fitar da kundi 20 na hotunan 'yan asalin Amurka daga 1907 zuwa 1930, ya bar misalin da ya fi kowane sauƙin gani. Ya ɗauki wani dattijo na ƙabilar Piegan da ɗansa a cikin tantinsu, da agogon tebur a ajiye tsakaninsu, a tsakiya, inda mutum ke ajiye abin da yake taƙama da shi. Da ya zo bugawa sai ya goge agogon, domin shi labarin mutanen da zamani bai taɓa ba yake son bayarwa. Mutanen sun faɗi abu ɗaya game da kansu, mai hoto ya toshe musu baki.

Curtis ya yi goge-goge, laifinsa na da sauƙin kamawa. Wanda ya fi koyar da darasi shi ne hoton da ba a ƙara masa komai ba. A watan Maris na 1936 Dorothea Lange, wadda ke yi wa wata hukumar gwamnatin Amurka aikin ɗaukar hotunan talaucin karkara, ta tsaya a wani sansanin masu tsinkar wake a Nipomo, jihar Kalifoniya, inda sanyi ya kashe amfanin gona, mutane suka rasa aiki. Ta tarar da wata mata da 'ya'yanta a ƙarƙashin rumfar tamfol, ta ɗauki hotuna kaɗan cikin kimanin minti 10, kowane ɗauka tana ƙara matsowa. Duk suna nan a ajiye, ana iya jera su a duba. A na nesa ana ganin rumfar duka, da akwatin kaya, da wata budurwa zaune a kujera, da filin da ke baya: iyali ne masu tafiya da suka yada zango. A na ƙarshe duk wannan ya fita. Saura uwa ta kai yatsu haɓa, idonta na kallon nesa, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta sun ba kyamara baya, jariri na barci a cinyarta. Wannan ne ya zama hoton da duniya ta sani, alamar zamanin karyewar arzikin Amurka. Lange ba ta tambayi sunan matar ba. Ta rubuta cewa shekarunta 32, tana da 'ya'ya 7, kuma sun sayar da tayoyin mota sun sayi abinci.

Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta, Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee, haifaffiyar yankin da yanzu ake kira Oklahoma. Ita da iyalinta ba mazauna sansanin ba ne. Motarsu ce ta lalace a hanya, mazan gidan suka shiga gari neman gyara, ita kuma ta zauna jira. Ɗanta ya ƙaryata zancen sayar da tayoyi. Ita kanta ta nuna ba ta ji daɗin hoton ba, ba ta kuma sami ko sisi daga gare shi ba. Shekara 42 miliyoyin mutane na kallon ta a matsayin farar mace da ta rasa madafa, alhali mace ce 'yar asalin ƙasar da ta yi ta aikin ƙarfi, gona da asibiti da gidan abinci, har ta raini 'ya'yanta. Masu kare Lange na da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Kwanaki kaɗan bayan wata jaridar San Francisco ta buga hotunan, gwamnati ta aika da abinci kimanin tan 9 zuwa sansanin. Da an bar akwati da kujera a ciki, in ji su, da hoton ya zama na iyali ɗaya, da bai girgiza kowa ba. Wannan gaskiya ne, sai dai yana tabbatar da ƙorafin ne maimakon ya rushe shi: ƙarfin hoton ya samu ne daga cire duk abin da ya sa matar ta zama ita. Abincin ma bai same ta ba, domin kafin ya iso sun gyara mota sun wuce. A yi adalci kuma, lokacin da ciwon ajali ya kama ta a 1983, hoton ne ya sa jama'a suka tara dubban daloli don jinyarta. Amma taimakon ya yiwu ne bayan da sunanta ya koma jikin hoton.

Akwai masu ganin maganin wannan duka shi ne a daina shirya hoto, a ɗauki mutane ba su sani ba, a yadda Allah ya nufa aka same su. A wurinsu da zarar mutum ya gyara hula ya zaɓi inda zai tsaya, hoto ya zama wasan kwaikwayo. Wannan ra'ayi yana da kwarjinin gaskiya, amma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Hoton sata bai rage zaɓe ba ko kaɗan, ya dai tattara zaɓen duka a hannun mai kyamara. Sa'annan abin da mutum ya zaɓa ya nuna game da kansa shi ma shaida ce, wani lokaci ma ta fi wadda aka sato. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ɗauka da hasken rana a tsakar gida, labulensa na farko ma shimfiɗar gadonsa ce. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da kwat da babur ƙirar Vespa, har da mota, mai so ya ara ya ɗauki hoto da su. In aka bi ma'aunin masu hoton sata, waɗannan hotuna duk ƙarya ne, tunda mai jingine da rediyo ba lalle yana da rediyo ba. Amma wanda ke son sanin abin da mutanen Bamako ke buri a ƙarshen mulkin Faransa, yadda mata ke ɗaura kallabi, yadda saurayi ke son budurwarsa ta gan shi, zai fi samun sa a wurin Keïta fiye da katunan hoto da Turawan mulki suka yi ta bugawa na mutanen da aka tsayar a gaban bukka ba suna. Bambancin ɗaya ne: a shagon Keïta wanda ake ɗauka shi ya biya, shi ke cewa ya yi ko bai yi ba.

Ba sai an shiga shago ba kafin mutum ya sami wannan dama. A 1942 Gordon Parks, baƙar fata na farko da ya yi aikin hoto a hukumar da Lange ta yi wa aiki, ya tsayar da Ella Watson, mai sharar ofishin hukumar a Washington, a gaban tutar Amurka, tsintsiya a hannu, abin goge ƙasa a gefe. Shiryayyen hoto ne daga farko har ƙarshe, kuma maganar da ke ciki ta Parks ce, zafin wariyar launin fata da ya tarar a birnin. Da ya tsaya nan, da Watson ta zama alama kawai kamar yadda Thompson ta zama. Sai ya ci gaba da bin ta na makonni, ta kai shi gidanta inda take ciyar da jikoki, ta kai shi cocinsu, ya ɗauke ta a hanyar zuwa aiki. Wuraren da ita ta buɗe masa ƙofarsu ne suka mayar da mai shara ta zama cikakkiyar mutum mai suna da dangi da addini. Minti 10 ba sa isa a yi wannan.

Misalin da mai karatu Bahaushe zai fi iya yanke wa hukunci da kansa shi ne na Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, da hotunansa na gardawan kura. Ya fara jin labarinsu ne daga wani hoton wayar hannu da ya yi ta yawo, ana cewa 'yan fashi ne ko masu karɓar bashi da ƙarfi. A 2005 ya zo Nijeriya ya same su a gefen Abuja, ya yi kwanaki yana yawo da su, ya sake dawowa a 2007, shekarar da littafin hotunan ya fito, ɗaya daga ciki kuma ya ci lambar World Press Photo. Ya yi abubuwa da dama daidai. Ya gyara ƙaryar da ake yi musu, ya bayyana cewa masu wasa ne da sayar da magani, ya sa sunan kowane mutum a ƙasan hotonsa, har da sunan kura, wata ma Mainasara ake kiran ta. Mutanen sun san ana ɗaukar su, suna tsaye da sanda da sarƙa a hannu, kura da takunkumi a baki, suna kallon kyamara ido cikin ido. Amma a dubi bayansu. Ƙarƙashin gadar sama ne, ko fili mai ƙura, ko layin gidajen kwano da ba kowa, sararin sama ya yi fari fat. Shi da kansa ya ce ya gwada ɗaukar wasan bai gamsu ba, sai ya riƙa jan su zuwa wuraren da ba hayaniya. Duk wanda ya taɓa ganin gardawa a kasuwa ya san abin da ya ɓace. Ba makaɗi, ba da'irar 'yan kallo, ba yara masu matsowa su ruga da gudu, ba kirari, ba kuɗin da ake jefawa, ba ƙullin magani da ake miƙawa. Gardi a cikin taro mai sana'a ne, jama'a sun san shi, sun san gadon gidansu ne. Gardi shi kaɗai da kura a ƙarƙashin gada wani abin tsoro ne da ya fito daga ƙarshen duniya. Ba mamaki da Hugo ya ce Turawa in sun ga hotunan halin da dabbobin ke ciki kawai suke tambaya. An ba su suna, an nemi izininsu, amma wurin da ke fassara su an cire shi, kuma masu kallo a London ko New York ba su da hanyar mayar da shi a zuciyarsu.

Ƙalubale mafi ƙarfi ga wannan ra'ayi nawa daga Newman ɗin da aka fara da shi ya fito. A 1963 mujallar Newsweek ta tura shi Essen a Jamus ya ɗauki Alfried Krupp, attajirin masana'antar ƙarfe da kotun Nuremberg ta ɗaure a 1948 saboda aikin bauta da kamfaninsa ya sa fursunoni a zamanin Hitila, aka kuma sake shi a 1951 aka mayar masa da dukiyarsa. Newman Bayahude ne. Ya zaunar da Krupp a wani dandamali, masana'antar jiragen ƙasa ta miƙe a bayansa tsakanin ginshiƙan kankare biyu, ya haska shi daga gefe da gefe, ya ce ya ɗan sunkuyo. Krupp ya haɗa yatsu ya ɗora haɓa a kai, tsakiyar fuskarsa ta yi duhu, ya fito kamar Iblis a fadarsa. Newman bai ɓoye cewa da gangan ya yi ba, Krupp kuma ya fusata da ya gani. To, da an ba Krupp bakin magana a kan wuri da haske, ai da wannan hoto bai wanzu ba. Ashe ke nan akwai lokacin da ya halatta mai hoto ya yi gaban kansa? Akwai, kuma ba sai an yi kwana-kwana ba. Krupp na da lauyoyi da masu tallata shi da dubban hotunan da ya biya aka yi masa yadda yake so, hoton Newman murya ɗaya ce a cikin muryoyi masu yawa, kuma abin da ta faɗa kotu ta riga ta tabbatar. Thompson da gardawa ba su da wani hoto da duniya za ta gani sai wannan ɗaya. Gwargwadon ƙarancin hanyoyin da mutum ke da su na mayar da martani, gwargwadon nauyin da ke kan mai hoto na ya ba shi dama tun kafin a danna. Abin takaici shi ne a aikace an juya lissafin: minista ne ake tambaya ta wane gefe yake so a ɗauke shi, mai gudun hijira kuwa sai dai ya ji ƙarar kyamara.

'Yan jarida za su ce aikinsu bai ba da wannan sarari ba, kuma a wurin gobara ko harin bam haka ne, ba mai neman izini a cikin hayaƙi. Amma yawancin hotunan mutane a muhallinsu ba a cikin irin wannan gaggawa ake ɗaukar su ba. Ana ɗaukar su ne a sansani ko a asibiti ko a ƙauye, da rana tsaka, mai hoto na da direba da tafinta, kuma sau da yawa ya taho da hoton da yake so a kansa, yana neman wanda zai tsaya a ciki. Shi ya sa yankin da ya yi suna da bala'i ke ƙarewa da bango iri ɗaya a bayan kowa. Aikin da Fati Abubakar ta fara a Maiduguri a 2015 mai suna Bits of Borno ya nuna cewa wannan ba dole ba ne. A lokacin da kusan duk hoton da ke fita daga Borno na ƙonannun gidaje ne da layin karɓar abinci, ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah da 'yan biki, tana haɗawa da abin da suka faɗa da bakinsu. Ba ta ɓoye rikicin ba, yana fitowa a maganganunsu. Wanda zai ce wannan ma zaɓe ne ya faɗi gaskiya, sai dai zaɓe ne da mutanen garin za su duba su gane kansu.

Saura matsala ɗaya da ba ta da magani mai sauƙi, kuma a kan Keïta ɗin ma ta faɗa. Mutumin da ya zaɓi rediyo da labule a 1955 ya yarda ne da ƙaramin hoto mai santimita 13 da 18, wanda zai aika wa dangi a ƙauye ko ya rataye a ɗaki. A 1991 aka nuna wasu daga cikin hotunan a wani baje koli a New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Daga baya aka bi sawu aka gano Keïta, sunansa ya dawo, aka riƙa wanke hotunan manya-manya, wasu sun haura mita ɗaya, ana sayar da su da tsada, har aka yi masa babban baje koli a Grand Palais na birnin Paris a 2016, shekara 15 bayan rasuwarsa. Keïta bai riƙa rubuta sunayen masu zuwa shagonsa ba, don haka yawancin hotunan har yau ba su da suna sai shekara. Matar da ta kishingiɗa a gaban labule mai zane don mijinta ya gani, yanzu tana rataye a falon wanda bai san Bamako ba, kuma izinin da ta bayar bai kai nan ba.